JAWABI GA MASU GIDAJE KAN GYARAN WUTAR LANTARKI KAFIN FAƊUWAR DAMINA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiyarmu, wanda ya daɗe yana sana'ar haɗa wutar lantarki a nan Ibadan, ya gabatar a taron masu gidaje na unguwar Sabo. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Sarki, malamanmu, iyayenmu Alhazai masu gidaje, iyayenmu mata da ke saurare daga can baya, da sauran 'yan'uwa matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa. Ni dai ba malami ba ne, ba kuma gwanin magana ba ne. Abin da na sani filaya da sukundireba, sai kuma hawa silin ɗin gidajen mutane. To da yake kusan babu layin da ban shiga rufin wani gida a cikinsa ba a wannan unguwa, shi ya sa shugabanni suka ce in zo in faɗi abin da idona ya gani. Idan magana ta taɓa wani, ya yi mini afuwa, ba zan kama sunan kowa ba.

Kamar yadda kuka sani, tun shekarar 1916 aka kafa Sabo, kuma da yawa daga cikin gidajen da muke kwana a ciki kakanninmu suka gina su. Waɗansu an ja musu wuta tun zamanin ECN, kafin ma a kafa NEPA a 1972. NEPA ɗin kanta ta zama PHCN a 2005, aka kuma sayar wa kamfanoni da harkar raba wuta a 2013, ko da yake har gobe in an kawo wuta yara “NEPA” suke ihu. Wato suna ya canja sau nawa, amma wayar da ke cikin silin ɗinmu tana nan yadda aka sa ta. Lokacin da aka ja ta, me ke cikin ɗaki? Ƙwai ɗaya, rediyo, in maigida mai hali ne a ƙara da fanka. Yau kuwa ku leƙa ɗakin. Ga firji, ga talabijin, ga dutsen guga, ga hita ta dafa ruwa a bokiti, ga cajar waya kamar biyar. An yanka zaure an yi shago, an sa firiza biyu ta sayar da ƙanƙara da zoɓo. An ƙara ɗakuna a bayan gida don baƙi, kowane ɗaki an jona masa daga na kusa da shi. Jaki ɗaya ne, kaya ne ake ta ƙara masa.

Akwai wani abu da nake so kowane mai gida ya riƙe. Daga turken wuta zuwa mita, wannan na kamfani ne. Daga mita zuwa cikin gida kuwa, duk abin da ya faru naka ne. Kuma mu a nan gidajenmu ba na iyali kaɗai ba ne. Mu masu saukar baƙi ne tun asali. Fatake na goro da na shanu a gidajenmu suke sauka, ga 'yan haya, ga almajirai a soro. Mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ya kwanta a ɗakinka, ya ba ka amanar kuɗinsa da kayansa, to har da ransa ya ba ka, ko bai faɗa ba.

Bari in yi muku ɗan lissafi kaɗan, ba mai wuya ba ne. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce. Soket irin namu mai baki uku an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13. In ka haɗa lissafin, iyakar abin da soket ɗaya zai iya ɗauka kamar wat 3,000 ne. To dutsen guga kaɗai yakan ci wat 1,000, wani har 2,000. Hita ma haka. Kowane kaya an rubuta abin da yake ci a jikinsa, ku sa yaro ɗan makaranta ya karanta muku. Yanzu sai a sayo jonin nan mai baki huɗu ko shida, mai siririyar waya kamar tsinken tsire, a cusa masa guga da hita da firji gaba ɗaya. Waya in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar jikinta ta yi laushi, ta bushe, ta tsattsage. Ba rana ɗaya take yin haka ba, shi ya sa mutum zai ce ai shekara goma muna haka ba abin da ya faru. Shekara goman nan ita ce ta dafa wayar.

Kuma waya ba ta ƙonewa ba tare da ta yi sallama ba. In kun ga bakin soket ya yi baƙi, ko kun zare filogi kun ji shi da zafi, ko ɗaki yana warin roba, wani lokaci kamar warin kifi, ko ƙwai ya dushe duk sa'ad da firji ya tashi, to magana take muku. Mafi muni shi ne a ce famfo ko ƙofar ƙarfe ko jikin firji yana ɗan jan mutum. Iyayenmu mata sun san wannan sarai, har dabara suke yi, a sa silifas ko a naɗe hannu da tsumma kafin a buɗe firji. Hajiya, ranar da ƙafarki ke jiƙe, tsumma ba zai yi komai ba.

Ƙa'idarmu ta aiki ita ce waya mai kauri 1.5 ta fitilu da fanka ce, mai 2.5 ta soket ce, mai 4 ko 6 kuma ta manyan kaya ce irin kuka ta lantarki da hitar banɗaki. Amma ko an sayi lambar daidai, sai an lura da jabu. Akwai wayar da za ka gani ja jawur kamar jan ƙarfe na gaske, in ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa launi. Wata ma ƙarfe ce, maganaɗisu yana kama ta. Wayar da ake yi a nan Nijeriya ta yi suna wajen inganci, shi ya sa ma ake buga sunanta a jikin ta banza. Ku tafi kasuwa da mai aikinku, ku sayi waya a wurin dila sananne, ku karɓi rasit. Araha ba ta ado, balle a abin da za a rufe cikin silin a kwana a ƙarƙashinsa.

Sai maganar fis. Fis mai gadi ne, an yi shi siriri da gangan domin in kaya ya yi yawa shi ya tsinke kafin wayar gida ta kama. To me muke yi in ya dame mu da tsinkewa? Sai a kira yaro ya naɗa masa waya mai kauri ninki uku. Na taɓa ciro ƙusa inci uku a gurbin fis, wallahi. Mai gidan har yana yaba wa wanda ya sa masa, wai tun daga ranar wuta ba ta sake yankewa ba. Ai kuwa ba za ta yanke ba, an kori mai gadi don yana yawan tada mutane daga barci. Wanda duk yake da tsohon allon fis na tangaran, ya daure ya canja shi da akwatin bireka. Bireka in ta faɗi, ɗaga ta kawai za a yi, amma a fara tambayar abin da ya kayar da ita.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, in ma shi kaɗai kuka tafi da shi na gode wa Allah. Fis da bireka ta kullum waya suke karewa, ba su san mutum ba. Wutar da ƙwai ɗaya mai wat 60 yake ja ta ninka abin da zai tsayar da zuciyar ƙato sau da yawa, kuma wannan 'yar wutar ba za ta tsinka fis ba ko kusa. Abu biyu ne ke tsayawa tsakanin mutum da ita. Na farko wayar ƙasa, wato koriyar nan, ko koriya da ruwan ɗorawa, wadda ke tafiya daga bakin soket na sama har zuwa wani ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa, aƙalla tsawon ƙafa huɗu, a wuri mai danshi. Aikinta shi ne in wuta ta ɓalle ta hau jikin firji, ta sami hanyar da za ta bi ta shige ƙasa maimakon ta bi ta jikin yaronka. A gidaje da yawa na unguwar nan in na buɗe soket, waya biyu nake tararwa, ta ukun babu ita sam. Inda akwai ta kuma, sai ka bi ta har waje ka tarar ƙarfen ya rube, ko an yanke wayar an kai wa masu awon gwangwan. Wannan kuwa kun san 'ya'yanmu ne, ba baƙi ba, sai mu ja musu kunne.

Na biyu wata bireka ce ta musamman mai jin yoyon wuta. Za ku gane ta da ɗan maɓalli a jikinta na gwaji, kuma an rubuta 30mA. Ita auna wutar da ta fita take yi da wadda ta dawo, da ta ga an sami giɓi, wato wuta ta bi ta wata hanya, ko ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Kuɗinta bai kai na wayar hannun da ke aljihun yawancinmu ba. Sai dai in gaya muku gaskiya, in aka sa ta a tsohon gida za ta riƙa faɗuwa, musamman in an yi ruwa. Mutane sai su ce ba ta da kyau, a cire. Lafiyarta lau, yoyon da ke gidan take nuna muku, shi za a nema a gyara. Kuma a riƙa danna maɓallin nan lokaci-lokaci a ga ko tana yankewa.

Abin da ya sa na nace a kan wannan, wata damina aka aiko mini da sassafe daga wani gida, wai igiyar shanya ta ja wata yarinya. Igiyar ta ƙarfe ce, an ɗaure ta a jikin katakon rufi tana taɓa kwano. Da na hau sai na tarar iskar daren jiya ta ɗaga kwano ɗaya, bakinsa ya yanki wayar da ta shigo daga turke. Rufin gidan nan gaba ɗaya wuta ne, mutum sama da ashirin suna ƙarƙashinsa ba wanda ya sani. Yarinyar Allah ya yi da sauran kwananta, wutar ta yar da ita gefe. Abin da ban manta ba shi ne, wata biyu kafin nan na shiga gidan gyaran fanka, na ga wayar tana gogar kwano, na faɗa wa maigidan, ya ce in bari sai bayan Salla. Ni ma na yi shiru na karɓi kuɗina na tafi. Har yau ina ganin da laifina a ciki.

To ga damina ta ƙarato. Ku da kuka zo daga Arewa kwanan nan, nan ba kamar gida ba ne da ake jira sai watan Mayu ko Yuni. A nan tun watan Maris hadari yake fara haɗuwa, kuma ruwan farko shi ne mai iska, shi ke yaye rufi yana kayar da turaku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowa ya sa kafinta ya hau ya bi kwanonsa da ƙusa, a duba inda ke yoyo, don ruwan da ke ɗiga cikin silin kan joni yake sauka. A dubi wayar da ta taso daga turke, in tana kwance kan kwano ko ta ratsa cikin reshen mangwaro, a kai rahoto ofishin kamfani su zo su ɗaga ta, kada yaro ya hau da adda. Masu faifan sola da tasar dish a kan rufi, a ƙara ɗaure su. Masu shaguna da ruwan kwata ke shiga, a ɗaga soket sama, a ɗora firiza kan bulo. Dattawa a nan sun tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980, mu kuma mun ga ta watan Agusta na 2011. 'Yan'uwanmu da suka yi gini a wajejen Ojoo da Sasa, waɗanda filinsu ke cikin kwari, wannan ta fi shafarsu. In ruwa ya fara shiga gida, a kashe babban makunni tun ƙafa tana bushe. In ruwa ya riga ya kai ga soket, kada wanda ya shiga don ceto kaya. Bayan ya janye kuma, kada a kunna komai sai mai aiki ya duba.

Babban makunnin nan, ina tambaya, matan gida sun san inda yake? Mu maza da safe mun tafi kasuwa, wanda ke gida lokacin da abu zai faru mata ne da yara. A wani gidan ma makunnin yana cikin ɗakin maigida, ya kulle ya tafi da makulli. Yau in kun koma ku nuna wa kowa, har yaran da suka yi wayo.

Bayan an yi iska, wani lokaci sai a kawo wuta ku ga ƙwai ya yi haske fiye da kima, fanka tana gudu kamar za ta tashi. Wannan yawanci wayar da ke daidaita layukan ce ta tsinke a wani wuri, sai wutar ta haura har ta doshi bolt 400. A ruga a kashe babban makunni, a kuma gaya wa maƙwabta. Haka in an ɗauke wuta ana cikin hadari, a zare firji da talabijin, a bar ƙwai ɗaya kawai da zai nuna an dawo da ita. In ana tsawa a zare wayar eriya da ta dish, yara su bar gindin bishiya da filin ƙwallo. Masu kula da masallatai, hasumiya da lasifikar da ke kanta su ne suka fi komai tsawo a layi, ya kamata a sa musu ƙarfen tsawa mai tasa wayar da ta sauka har ƙasa.

Wayar da ta faɗo ƙasa kuwa, ku ɗauka da wuta a jikinta ko da unguwa duk duhu ne, domin ana iya dawo da ita kowane lokaci. A tsaya nesa da ita kamar taku goma sha biyar, a sa babba ya tsare wurin yana korar yara da dabbobi, a kira kamfani, ko a buga 112. Kun ji abin da ya faru a Kalaba a watan Afrilu na 2017, babbar waya ta faɗo kan rufin gidan kallon ƙwallo, aƙalla mutum 7 suka rasu. Doka ta ce a bar kimanin ƙafa 18 kowane gefe na layin bolt 11,000 da na 33,000 ba gini. Matasanmu masu shayi da masu suya da masu kwantena, na san wurin kasuwa yana wuya, amma ku ɗaga kai ku dubi abin da ke samanku kafin ku kafa tebur.

In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, za ta haɗa ku biyu. A kashe makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshen katako, wannan ma a wutar gida kaɗai, ban da babbar waya. Maganar ɗura masa madara ba ta da tushe, wanda ya suma in aka ɗura masa abu shaƙe shi zai yi. In ba ya numfashi a yi ta danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ana neman mota, in ma ya miƙe ya ce lafiyarsa lau a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuma ba a watsa mata ruwa sai an yanke wuta, a yi amfani da yashi.

Saura janareto. Har yanzu akwai masu haɗa shi da waya mai filogi biyu, ɗaya a jikin inji ɗaya a soket ɗin ɗaki. In an manta ba a kashe babban makunni ba, wutar janaretonka fita take yi ta bi layi, ta shiga taransifoma ta baya, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubbai. Ma'aikacin da ya hau turke gyara bayan iska, yana ganin an yanke layi, kai ne za ka kashe shi kana zaune kana kallon labarai. In kuma aka dawo da wuta, injin ya tashi aiki. Cenjoba ita ce maganin wannan, wato makunnin da ba ya barin wutar biyu su haɗu. Mai inbata da sola shi ma haka.

Hayaƙinsa kuma ya fi wutarsa kisa. A cikinsa akwai wata iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta wuce da shi. Da damina ne ake shigo da inji cikin soro ko baranda ko shago saboda ruwa da ɓarayi, a rufe ƙofa a kwanta. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari iyali guda ba wanda ya tashi? Na san gidajenmu a matse suke, ba kowa ke da fili ba, amma a yi masa 'yar rumfa da keji a waje inda iska ke wucewa, bakin salansa ya juya wa tagogi baya, har da tagar maƙwabci. In mutanen ɗaki suka tashi da ciwon kai da jiri da amai gaba ɗaya, a fitar da su waje nan take. Kada kuma a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Na san abin da ke ran kowa, kuɗi. Jan ƙarfe ya yi tsada, ba wanda zai ce a sake wayar gida mai ɗaki goma sha biyar a wata ɗaya. In ni ne, zan fara da ƙarfen ƙasa da birekar yoyo, sai cenjoba, sai a raba wa shago da firiza nasu layin daban tun daga akwati. Sauran ɗakuna a bi su ɗaya bayan ɗaya, duk ɗakin da ɗan haya ya tashi a gyara shi kafin wani ya shiga. Wanda zai yi aikin kuma a tambaye shi takardar shaidarsa, akwai hukumar NEMSA da aka kafa a 2015, ita ke tantance masu wannan sana'a. Wanda ya ce zai zagaye maka mita a kan kuɗi kaɗan, ban da laifi ne a doka, jonin da yake yi a ɓoye ba fis ba bireka, irinsa ne ke cin gida da tsakar dare.

Ranka ya daɗe shugaba, roƙona ga ƙungiya shi ne a ba mu dattijo ɗaya daga kowane layi ya riƙa yi mana iso. Ni da abokan sana'ata mun yi shawara za mu zagaya gida-gida ranakun Lahadi kafin ruwa ya sauka, mu duba, mu rubuta wa kowane mai gida abin da muka gani. Dubawar kyauta ce, gyara kuma kowa ya kira wanda ya ga dama, ba lalle sai mu ba. Za mu fara da masallatai da makarantun allo. Na zo da guntayen waya, ta gaske da ta jabu, da birekar yoyo guda ɗaya, suna nan kan tebur, wanda ke so ya zo ya taɓa ya gani bayan an shafa fatiha.